Faifan tirim na similater da na sayo nan Maradi, ga yadda na same shi

Jama'a masu tambayata batun faifan nan baƙi da ke maƙale gefen teburina kusa da sitiyarin similater, wato kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ga amsa gaba ɗaya don na gaji da aika murya ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp. Faifan tirim ne, wanda ƴan lakkwal ɗin Faransanci ke ce ma kompansater. Kaya ne mai kyau, kuɗɗina ba su tafi banza ba, amma ba kowa zan ce ma je ka saya ba, kuma akwai wani abu guda babba da ba zai taɓa koya maka ba ko da ka kwana kana murza shi.

Ba ya da suna ba ya da tambari, kwali ne fari da rubutun Cana a gefe shi ke nan. Wani shagon kayan kwamfuta da ke kusa da babbar kasuwa ya yo mani odar shi tare da kayanshi, jikka talatin da biyar har da kuɗin ɗauko. Ranar da na fara nuna ma mai shagon hoton abin a waya ya daɗe shina kallo sannan ya ce "ƙanena wanga na injin niƙa ne ko na keken ɗinki?" Na ce Alhaji na jirgin sama ne. Ya yi dariya har da tafi, amma gaskiya mutumin kirki ne, bai karɓi kuɗɗina duka ba sai rabi, ya ce in kaya ya iso in cika, kuma da ya iso shi da kanshi ya kira ni. Lokacin da ya faɗa mani dai an wuce shi sosai, wanga kuma duk mai jiran kaya daga Cana ya san haka abin yake, daga tashar ruwa zuwa nan ba ƙaramar tafiya ba ce.

Dalilin da ya sa na damu da shi, na ɗan taɓa koyon tuƙi a ƙaramin jirgi Cessna 172 a wata makaranta waje kafin aljihu shi ce in dawo gida, to tun lokacin similater ne nake riƙe hannuna da shi kar abin shi gudu. Wanda bai taɓa zama cikin ƙaramin jirgi ba shina zaton sitiyari ne duka aikin, ka ja hanci shi ɗaga ka tura hanci shi sauka. Haka ne, amma iskar da ke bugun wutsiya tana da nata ra'ayin, kullum tana son maida fiffiken baya mai motsi, wato elebeta, inda ta ga dama, kai kuma kana riƙe da shi da ƙarfin damtse inda kake so. Minti biyu ba komi, amma daga nan zuwa Damagaram a haka hannunka sai ya mutu, ga rediyo ga taswira ga duban wasu jirage, duk da wane hannun? Tirim shi ne ke ɗauke maka wanga nauyi. Ku dubi ɗan ga-ruwa da kurarshi, in ya jera jarkoki daidai bisa taya hannun kurar ba ya danna shi ƙasa ba ya fizgar shi sama, turawa kawai yake yi, in kuwa jerin ya karkace duk tafiyar kokawa ce. To matuƙi ba jarka yake gyarawa ba, iska yake sa wa ta riƙe mishi.

Yadda abin yake a 172 na gaske, akwai wani ɗan harshe na ƙarfe a gefen baya na elebeta ta ɓangaren dama, shina da nashi hinjin. Faifan da ke tsakiya ƙasan totur, inda hannun damanka ke kaiwa ba sai ka duba ba, shina haɗe da ɗan harshen ta sarƙa da wayoyin ƙarfe da suka bi cikin jikin jirgin har wutsiya, can ƙarshe akwai wani ɗan bis mai zare da ke tura sanda. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne harshen baya-baya yake aiki. In ka murzo faifan don hanci shi ɗaga, harshen ƙasa yake lanƙwasawa, iska ta buge shi ta tura elebeta sama, elebeta ta danna wutsiya ƙasa, hanci shi ɗaga. Ƙaramin abu shina tura babba, babba shina juya jirgi. Dabarar tsohuwa ce, ana danganta ta da wani injiniya Bajamushe Anton Flettner tun zamanin yaƙin duniya na farko, kuma 172 da ya fara tashi a 1955, anka ƙera sama da 44,000 har ya zama jirgin da anka fi ƙerawa a duniya, har yau da ita yake tafiya.

Faifan nawa kwaikwayon na Cessna ne, tsaye yake, da ƴan tudu-tudu a baki don yatsa shi samu wurin kamawa, ka tura samanshi gaba hanci ƙasa, ka jawo shi baya hanci sama. Girmanshi kusan tafin hannu buɗe. Nan sun yi ƙoƙari, in na rufe ido na kai hannu kusan inda na saba nake samun shi, musamman da na ɗaura shi ƙasa-ƙasa gefen gwiwa ba bisa tebur ba.

Kafin shi da kilabiye nake yi, a Microsoft Flight Simulator lamba 7 da lamba 1 na gefen dama su ne tirim, 7 ƙasa 1 sama. Wallahi azaba ce. Ka danna sau ɗaya ba ka ga komi ba, ka ɗan riƙe sai jirgi shi yi sama kamar an tsikare shi, ka koma 7 shi yo ƙasa, haka za ka yi ta lilo tsakanin ƙafa 2,800 da 3,200 alhali 3,000 kake nema, ba ka ma da lokacin kallon gulbi ko tabkin Madarunfa da ka fito don su. Da faifan kuwa ana iya yi mishi taɓin da bai kai faɗin farce ba kuma jirgin shi ji. Dalili, abin da ke cikinshi irin bolim ɗin rediyo ne amma mai zagaye goma, potansiyometa, kowane wuri da faifan ya tsaya kwamfuta ta san daidai inda yake daga ƙarshen sama zuwa ƙarshen ƙasa. Akwai wani iri da ake saidawa mai ankoda, shi juyawa yake yi ba iyaka kuma duk ƙas ɗin da ya yi kamar ka danna buton ne sau ɗaya, wato kilabiyen ne dai anka sa ma riga. Ga mai koyo ni mai bolim na fi so, ko da yake shina da tashi matsalar da zan zo kanta.

Abin da na fi jin daɗi shi ne yadda yake sa yaro shi gane da idonshi cewa tirim ba tsawo yake riƙewa ba, gudu yake riƙewa. Wagga magana malamai na faɗinta har bakinsu shi bushe ba ta shiga. Ga yadda nake nuna ma yaran da ke zuwa ɗakina. Mu tashi daga filin Maradi, DRRM a cikin similater, mu ɗaga hanci wajen not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), mu kama not 74 wanda shi ne gudun hawa mafi sauri na 172S, in murza faifan har in saki sitiyari jirgin shi ci gaba da hawa a 74 shi kaɗai. Sai in ce ma yaro kar ka taɓa komi, rage totur kawai. Hanci shi sunkuya, jirgi shi ɗan yi lilo sama da ƙasa, can sai shi natsu shina sauka, ka dubi agogon gudu ka gan shi nan kusa da 74 ɗin dai. Ka mayar da wuta shi koma hawa. Duk wanda na yi ma wanga sai ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce a sake. Daga nan ne tsarin ke zamna mishi: ka fara aje hanci inda kake so da sitiyari, ka daidaita wuta, ka jira gudu shi tsaya, sannan tirim daga ƙarshe. Masu saurin kai hannu ga faifai tun jirgi bai gama ɗaukar gudu ba su ne ke ta murzawa ba iyaka, don duk not ɗin da ya ƙaru nauyin sitiyari sai ya canza. Malamin da ya koya mani har bugun hannu yake yi in ya ga mutum shina tuƙa jirgi da tirim maimakon sitiyari.

Haɗa shi ba wuya, USB ne ka soka Windows ta gan shi kamar abin wasan gem, ba sidi ba direba. Na gwada shi a X-Plane 12 da kuma Flight Simulator na 2020, duka sun karɓe shi, ko da yake na fi zama a X-Plane don shi ba ya shan forfe, Flight Simulator kuwa kullum shina jawo hotunan ƙasa daga intanet kuma kun san kuɗin mega a garin nan. Abu guda, yadda ya zo juye yake, ka tura gaba hanci shi ɗaga. Akwai ɗan akwatin da ake latsawa cikin saitin a juya shi, minti ɗaya an gama, amma takarda ko guda babu cikin kwalin da za ta faɗa maka, wanda bai taɓa ganin na gaske ba sai shi ɗauka haka yake shi koya ma hannunshi ƙarya. Kuma wanga ba abin wasa ba ne, a jirage na gaske an sha samun makanike ya haɗa wayoyin tirim a juye bayan gyara, matuƙi shina murzawa don shi sauƙaƙa abin shina ƙara tsanani. Shi ya sa jirgin da ya fito daga gyara ake sa mutum shi tsaya bayan wutsiya shina kallon harshen ana murza faifai.

Shina da ƴar allura a gefe mai nuna inda tirim yake, da farin layi na wurin tashi. Allurar roba ce kuma tana ɗan rawa, amma amfaninta ya fi kyanta. A jerin dubawa kafin tashi akwai layin da ke cewa a maida tirim wurin tashi, da kilabiye ba wanda ke tunawa don similater na gyara maka da kanshi duk lokacin da ka buɗe sabon tashi. Da wanga faifai kuwa inda ka bar shi jiya nan za ka tarar da shi, daidai yadda ɗalibin da ya sauka kafin kai ke barin jirgi da tirim ɗin sauka. Ka manta ka ba da wuta, sai hanci shi ɗaga da kanshi tun gudu bai kai ba. Wagga ɗabi'a ta duba allura kafin a shiga titi ita kaɗai ta isa rabin kuɗin.

Akwai gwajin da nake yi ma duk wanda ya fara jin kanshi. Wani ƙanena ɗan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ya ga ya iya sauka lafiya sai ya fara cika baki, na ce to zo. Ya jero titi da kyau, bole, wato ƴan fiffiken da ake saukewa don rage gudu wajen sauka, duka a sauke, wuta kaɗan, ya murza tirim baya sosai jirgin na tafiya wajen not 65 ba ya ko taɓa sitiyari, sai murmushi yake. Saura kaɗan taya ta taɓa na ce akuya bisa titi, tashi! Ya danna totur har ƙarshe. Hancin ya miƙe sama kamar zai tsaya bisa wutsiya, ƙarar gargaɗi ta fara kuka, gudu ya zube, fiffiken hagu ya faɗi, shi ke nan. Ya juyo ya ce "Yaya mi na yi?" Na ce ba ka yi komi ba, shi ne laifin. Tirim ɗin da ka yi na gudu kaɗan da wuta kaɗan ne, da ka ba da wuta duka iskar farfela ta bugi wutsiya da ƙarfi, dole ka tura sitiyari gaba da gaske ka riƙe hanci, sannan ka dinga ture faifan gaba kana janye bole kaɗan-kaɗan. Ana koya wanga a makarantun tuƙi can sama inda akwai filin kuskure, kuma da faifai a hannu motsin shina shiga jiki, hagu na turawa dama na murzawa.

To ga inda abin ya tsaya, kuma nan ne nake son mai niyyar saye shi buɗe kunne. A jirgi na gaske tirim da ji ake yin shi ba da gani ba. Kana riƙe da sitiyari a ja, kana jin nauyi a yatsu, kana murza faifai nauyin na raguwa na raguwa har shi ɓace, sitiyarin kuma bai motsa daga inda yake ba, nan zai zamna ko ka sake shi. Sitiyarin similater irin namu kuwa sifirin ne a ciki, kullum tsakiya yake son komawa ko mi ka yi ma tirim. Saboda haka abin da kake yi a gida shi ne kana murza faifai kana mayar da sitiyari tsakiya sannu-sannu kana kallon gilashi kar hanci shi motsa. Sakamakon ɗaya ne a ido amma hannu wani abu daban yake koyo. Faifan ba laifinshi ba ne, ko na jikka ɗari ka saya haka zai yi muddin sitiyarinka na sifirin ne. Maganin sai sitiyari mai mota a ciki wanda ke mayar da nauyi, irin na kamfanin Brunner na Suwizalan, kuɗinshi kuwa ka sayi babur ka yi kabu-kabu ya fi. Don haka wanda ke shirin tafiya Zariya, kwalejin jiragen sama da ke can tun 1964, ko wata makaranta, kar shi je shina ce ma malami ai na iya tirim. Ka iya tsari, ka san ina ake murzawa da yaushe, jin nauyin kuwa sai ranar da ka zamna cikin jirgi.

Kuma ba duk ƙaramin jirgi ke da faifai irin wanga ba, kar a ɗauka ko'ina haka ne. Diamond DA40 shina da faifai a tsakiya, wanga zai yi maka. Amma Piper Cub ba ya da ɗan harshe ma sam, hannu ne ake juyawa a bangon hagu shina ɗaga gaban fiffiken wutsiyar gaba ɗaya da bis mai zare. Piper Cherokee wutsiyarshi falle ɗaya ce mai motsi duka, harshen da ke bayanta aiki biyu yake yi, shina ƙara ma sitiyari nauyi kar shi yi sakwaf kuma shi ne tirim, tsofaffinsu ma a rufi bisa kanka hannun yake. Robin DR400 da kulob-kulob ɗin Faransa ke ji da shi shi ma wutsiya falle ɗaya ce. Mooney kuwa abin mamaki, wutsiyar duka har da tsayayyen fiffiken ke lanƙwasawa. Cirrus babu faifai ko kaɗan, ɗan buton ne ƙarƙashin babban yatsa, na kuran. In waɗannan kake tuƙawa a similater faifan zai yi aiki dai amma kwaikwayon ya ɓace.

Matsalar bolim da na ce zan zo kanta ita ce otopilot, wato abin da ke tuƙa jirgi da kanshi. In ka kunna shi a 172 mai gilashin kwamfuta maimakon agoguna, shi ke murza tirim da kanshi, a jirgi na gaske za ka ga faifan na juyawa shi kaɗai don akwai ƴar mota a jikinshi. Nawa ba mota, shina nan inda na bar shi, tirim ɗin cikin kwamfuta kuma ya yi gaba. Da ka kashe otopilot ka ɗan taɓa faifan sai kwamfuta ta yi tsalle ta koma inda faifan yake, jirgi shi zabura sama ko shi dulmiya. Mai ankoda ba ya da wagga matsala. Ni dabarata kafin in kashe sai in dubi alamar tirim a gilashi in kai allurata kusa da ita, ba daidai ba ne amma zaburar na raguwa. Wani lokacin ma da gangan nake barin shi don shina kama da tirim ɗin kuran da ya haukace ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, abin da ake horar da matuƙa a kai: ka riƙe sitiyari da ƙarfi, ka danne jan buton ɗin da ke kanshi, ka zare dijonktar otopilot, sannan ka gyara da hannu. Don gudun haka ne ma buton ɗin tirim na Cessna ke rabe biyu, sai an tura duka tare yake aiki. Wanda ke ganin batun tirim ƙarami ne shi tuna Boeing 737 MAX guda biyu, na Lion Air a Oktoban 2018 da na Ethiopian Airlines a Maris 2019, mutum 346, na'ura ce ke ta murza wutsiya hanci ƙasa matuƙa na ja. Manyan jirage ne, tsarinsu daban, amma kokawar iri ɗaya ce.

Sauran ƙorafina na jikin kayan ne. Maƙalin da ke riƙe shi ga tebur roba ce, ka murza da ɗan ƙarfi sai duka akwatin shi juya, ƙarshe sai da na kai ma mai walda ya lanƙwasa mani ƙarfe munka ɗaure da bis biyu. Wayar gajera ce ƙwarai. Kuma faifan ya cika sauƙi, na gaske shina da ɗan tauri don sarƙa da wayoyi yake ja, da tafin hannu ake shafto shi, wanga kuwa da ɗan yatsa ɗaya sai shi yi zagaye, gwiwarka ma in ta goge shi ya motsa.

Sai hunturu ya shigo. Ƙurar garin nan ba abin da take bari, akwatin kuma a buɗe yake ta inda faifan ke fitowa. Jirgi ya fara rawar hanci shi kaɗai, na buɗe saitin na ga alamar na karkarwa ba wanda ya taɓa ta. Na koma shagon, Alhaji ya ce shi gaskiya garantinshi ya tsaya ga kaya ya iso shina aiki, kuma ba ya da wani da zai canza mani, abin da ban ji daɗi ba amma ban ga laifinshi sosai ba tunda guda ɗaya tak anka kawo. Shi ya tura ni wajen wani dattijo mai gyaran rediyo. Baba ya kwance bis huɗu, ya ɗaga gilashin idonshi ya leƙa, ya ce "ɗana ai bolim ne, sun dai yi mishi gata." Ya fesa mishi maganin wanke bolim, ya murza shi ƙarshe zuwa ƙarshe, ya sake narka dalma a ƙafa guda da ya ce tun daga masana'anta ba ta kama da kyau ba. Da na yi mishi kukan sauƙin faifan sai ya yanko ɗan ƙyallen bargo ya manna ta ciki inda zai dinga gogar gefen faifan, abin ya yi tauri daidai kuma ya toshe rabin hanyar ƙura. Dala ɗari ya ce in ba shi. Na ce Baba ya yi kaɗan, ya ce to ƙaro na goro. A wajenshi na ga cikin abin da kyau, ɗan allon ƙaramar kwamfuta ne da ake ce ma Arduino, da bolim da haƙoran roba biyu, ba wani sihiri.

Zafi ma a yi hankali. Robar irin wadda ake bugawa da injin 3D ce, ana ganin layi-layi a jikinta, kuma mafi yawan irinta tana fara laushi tun wajen digiri 60. A watan Afrilu ko Mayu cikin mota a rana ba wuya a kai nan. Nawa murfin gefe ya ɗan bankare don kusa da taga yake, yanzu in na gama sai in rufa mishi zane in ja labule.

Abin da ba faifai ba similater da zai ba ka shi ne zagayen jirgi kafin tashi, ka je bayan wutsiya ka kama ɗan harshen nan da yatsu biyu ka ji ko shina da lako-lako, ka dubi hinji da sandar da notinta. Harshe mai sako-sako na iya kama kaɗawa cikin iska har shi karye. A gasar jirage ta Reno a Amurka, Satumban 2011, wani jirgi P-51 da anka yi ma gyare-gyare don gudu ya faɗa kusa da ƴan kallo, mutum 11 sunka mutu har da matuƙin, bincike ya kai ga bis ɗin harshen tirim da sunka yi sako-sako.

Wa zai saya? In kana da sitiyari da totur riga, kana tuƙa Cessna 172 ko 152 da hannu, kana bin jerin dubawa kamar da gaske, saye shi, zai canza maka zaman. In Airbus kake so ko gem kake yi da manet, bar kuɗɗinka, haka wanda bai da sitiyari tukuna shi fara da can. In za ka yi oda ka sa mai shago shi tambayo maka ko mai bolim ne ko mai ankoda don a hoto duk kamarsu ɗaya, ka haɗa da ƙarin wayar USB, kuma ku yi magana tun farko wa zai ɗauki asara in ya zo a mace. Baba mai rediyo kuma ya ce in an kawo mishi Arduino Leonardo ko Pro Micro da bolim mai zagaye goma shi zai haɗa, kafinta shi fafe faifan da katako, sai dai a samu yaron da zai zuba mishi program. Ƙanena ya ce wanga aikinshi ne, mun ba da sautun allon daga Kano.